Kwana 90 na neman mutuwa, shekara biyu na neman ɗaki: dokar Kanada da gubar muhalli

Barista Nafisa:
Assalamu alaikum. Maganar ƙudirin Birtaniya na taimaka wa majiyyaci ya mutu ta ɗauki zafi a zauren nan, wannan ya ce haramun, wancan ya ce 'yancin mutum, amma ba wanda ya buɗe dokar. Mu duba inda aka riga aka yi nisa, wato Kanada.

A 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe haramcin, a Yunin 2016 majalisa ta yi dokar da suke kira MAID, wato taimakon likita wajen mutuwa. Sharaɗin lokacin shi ne sai likitoci sun hango mutuwar mutum na tafe. A 2019 wata kotu a lardin Kebek ta soke wannan sharaɗi, gwamnatin tarayya ba ta ɗaukaka ƙara ba, ranar 17 ga Maris 2021 aka gyara dokar ta zama layi biyu. Na farko na wanda ajalinsa ya kusanto a ganin likita. Na biyu na mai cuta ko naƙasa mai tsanani wadda ba ta warkewa, ko da zai iya ƙara shekara talatin a duniya.

Ga yadda layi na biyu yake. Mutum ya kai 18, yana cikin hayyacinsa, ya rubuta buƙata ya sa hannu gaban shaida ɗaya wanda ba zai ci gadonsa ba. Likitoci biyu, ko manyan nas masu lasisin rubuta magani, kowa ya duba shi daban, kuma ɗaya ya zama masanin cutar ko su tuntuɓi masani. Daga fara dubawa zuwa aiwatarwa aƙalla kwana 90. A sanar da shi hanyoyin rage wahala, irin su tallafin naƙasassu, likitan ƙwaƙwalwa da kulawar rage raɗaɗi, a yi masa tayin haɗa shi da su. Ranar aiwatarwa a sake tambayarsa. Ku lura: doka ta ce a sanar da shi, ba ta ce sai an ba shi ba.

A Fabrairun 2022 wata mata mai shekara 51 a Toronto ta mutu ta wannan layi. Jikinta ba ya jure hayaƙin taba da ƙamshin sinadaran wanke-wanke. Da aka yi kullen korona maƙwabta suka zauna a gida, hayaƙin sigari da na wiwi ya riƙa shigo mata, ta koma ta rufe kanta a ɗakin kwana. Shekara biyu tana neman a sauya mata gida, likitoci huɗu suka rubuta wa gwamnati, shiru. Tallafin naƙasassu na lardin Ontariyo a lokacin dalar Kanada 1,169 ne a wata ga mutum ɗaya, 497 daga ciki kuɗin haya, a birnin da wannan ba ya kama ɗaki mai kicin da banɗaki. To wahalar da sauya gida zai rage, ana iya cewa ba ta da magani?

Auwal:
Wa alaikumus salam, Anti Barista. Labarin ya taɓa zuciya, amma mu dubi adadi. A 2023 mutum 15,343 suka mutu ta wannan doka a Kanada, kashi 4.7 cikin ɗari na duk mace-macen shekarar. Na layi na biyu 622 ne kacal. Sauran galibi tsofaffi ne da suka haura saba'in, mafi yawansu da ciwon daji da ya ci jiki. Ni ba goyon bayan abin nake yi ba, addinina ya hana ni. Amma in za mu soki dokar wasu, mu soke ta da abin da ta fi yi, ba da mutum ɗaya ba.

Dakta Kabiru:
Auwal, adadinka daidai ne, amma 622 ba kacal ba ne idan ka tuna cewa ba ɗayansu da ke bakin mutuwa. Kuma ba mutum ɗaya ba ce. A 2024 kwamitin da ke bitar waɗannan mace-mace a ofishin babban mai binciken musabbabin mutuwa na Ontariyo ya fitar da rahoto mai misalan da rashin gida da kaɗaici suka shiga ciki, har 'yan kwamitin suka rabu a kai. A Maris 2025 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ya nemi Kanada ta soke layi na biyu gaba ɗaya.

Ita wannan cuta ta rashin jure sinadarai, likitoci ba su yi ittifaƙi a kan asalinta ba. Babu gwajin jini ko hoto da ke tabbatar da ita. A gwaje-gwajen da ake ɓoye ƙamshi, a shaƙa wa mutum sinadarin wani lokaci, wani lokaci iska zalla, ba tare da ya sani ba, yawanci ba sa iya bambancewa. A 2021 hukumar lafiyar jama'a ta Kebek ta ce matsananciyar fargaba da ta daɗe a jiki ce ke haifar da alamomin, ƙungiyoyin majiyyata suka yi fatali da rahoton. A ɗaya gefen, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Kanada tun 2007 ta amince naƙasa ce da ya wajaba a yi wa mai ita sauƙi a wurin aiki da wurin zama. Wahalar kam gaskiya ce, ciwon kai, ƙuncin numfashi, jiri, kasala, ba wanda ke musu.

Ga inda dokar ta harɗe kanta. Idan Kebek ce ke da gaskiya, matsalar ta ƙwaƙwalwa ce, kuma dokar ta cire wanda cutar ƙwaƙwalwa ce kaɗai damuwarsa, an ɗage shigar da su sau biyu, yanzu zuwa Maris 2027. Idan majiyyatan ne ke da gaskiya, matsalar iskar ɗaki ce, iska kuwa ana gyara ta. Ta kowace fuska ka bi, "ba ta da magani" ba ta zauna ba.

Injiniya Bashir:
Dakta, bari in shigo a kan "ana gyara ta", don kada a ɗauka aikin yini ɗaya ne.

A dogon bene lokacin sanyi, iska mai ɗumi tana hawa sama. Hawa na ƙasa yana zuƙo iska daga waje, na sama yana shan abin da na ƙasa suka fitar. Hanyoyinta: ƙarƙashin ƙofar shiga, ramin da bututun ruwa ya ratsa bango a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, bayan soket da makunnin wuta, tsagar da ke tsakanin bango da daɓe, da bututun fitar da iska na banɗaki idan na haɗaka ne. Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura. Ka yanki siririyar takardar tishu ka riƙe ta a bakin soket ko ƙasan ƙofa bayan ka rufe tagogi. Idan ta karkato cikin ɗaki, iskar maƙwabci kake shaƙa.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne kunna fankar kicin ko ta banɗaki don ta fitar da warin. Fankar tana rage matsin iskar ɗakin, sai ɗakin ya rama ta waɗannan kafofin, hayaƙin ya ƙaru. Abin da ake so akasin haka ne: a toshe kafofin, sannan a turo tatacciyar iska daga waje, ɗakin ya ɗan fi na maƙwabta matsi, iska ta riƙa fita ba shiga ba. Toshewar ma da tarkonta. Silikon na yau da kullum yana fitar da wari mai tsami yayin bushewa, sabon fenti da gam su ma haka, don haka mai wannan cuta sai an kwashe shi na kwanaki, a kai shi ina? Mun dawo kan maganar gida.

Na'urar tace iska iri biyu ce a haɗe. Matacin HEPA yana kama ƙwayoyin hayaƙi, kashi 99.97 cikin ɗari na masu girman maikron 0.3, amma ba ya kama iskar gas, ita ce kuwa ke ɗauke da wari. Wannan sai gawayi da aka sarrafa, kuma mai nauyin kilo, ba siririn baƙin soso da ake liƙawa a na'urorin kasuwa ba, wanda ke cika cikin makonni. Lissafin girma: ɗaki mita 4 sau 4, tsayin rufi mita 2.5, iskarsa kubik mita 40 ce. Kana son a tace ta sau biyar a awa, sai ka nemi na'urar da ke ba da kubik mita 200 a awa, kuma a gudun da za a iya barci da ƙararsa, don adadin da ke jikin kwali na gudu mafi ƙarfi ne. Na'urorin da ke fitar da iskar ozon kuma kada a kusance su, huhu suke ƙonawa.

Duk da haka, tun 2006 babban likitan gwamnatin Amurka ya ce shigar da iska da tace ta ba sa kawar da hayaƙin taba gaba ɗaya a gini ɗaya. Ragewa suke yi. Maganin na ainihi gini ne da aka hana shan taba a cikinsa, ko gida mai ƙofarsa daban.

Hajiya Rabi:
Injiniya, kana ta maganar sigarin Turawa. Mu da muke rufe ɗaki mu zuba turaren wuta a kasko, da dare mu kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da jariri fa?

Injiniya Bashir:
Hajiya, huhu bai san sunan hayaƙi ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ita ce ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5 kada su wuce maikrogiram 15 a kubik mita a matsakaicin yini. Kasko ɗaya a rufaffen ɗaki yana ninka wannan sau da yawa. A turara ɗaki babu yaro a ciki, a buɗe taga kafin a shigo da shi, garwashin kuma a fitar da shi waje, don shi gawayi iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Sauro kuwa gidan sauro ya fi.

Barista Nafisa:
Mu koma kan doka. Holan ta fara aiki da irin wannan doka tun Afrilun 2002, kuma cikin sharuɗɗanta akwai cewa likita da majiyyaci tare su gamsu babu wata mafita mai ma'ana. Idan likita na ganin akwai, bai cika sharaɗi ba, kuma bayan mutuwar kwamitin yanki mai lauya da likita da masanin ɗa'a zai duba fayil ɗin. Kanada ta ce wahalar da ba za a iya ragewa ba ta hanyar da shi majiyyacin ya yarda da ita. Ma'aunin ya koma hannun wanda ya riga ya gaji.

Ƙudirin Ingila da Wels ya fi duka biyun ƙunci: sai wanda ake ganin saura masa wata shida, likitoci biyu, sai kwamitin lauya da likitan ƙwaƙwalwa da jami'in walwala, sai jiran kwana 14, kuma shi zai sha da hannunsa. Ya wuce karatu na biyu da ƙuri'a 330 da 275 a Nuwamban 2024, na uku da 314 da 291 a Yunin 2025, aka miƙa wa majalisar Lords, wato majalisar dattawansu. Masu adawa na cewa Kanada ma da ƙunci ta fara, kotu ta faɗaɗa cikin shekara biyar. Masu goyon baya na cewa a Birtaniya kotu ba ta iya rushe dokar majalisa, kuma jihar Oregon ta Amurka tana kan sharaɗin wata shida tun 1997. Duka biyun suna da hujja.

Abin da ya fi burge ni a Ingila wata doka ce daban. A Disamban 2020 yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya mutu a Rochdale saboda fumfunar bangon gidan haya, bayan mahaifinsa ya sha kai ƙara. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba 2025 a kan gidajen hayar gwamnati da na ƙungiyoyi: haɗarin gaggawa a magance cikin awa 24, danshi da fumfuna a bincika cikin ranakun aiki 10, a ba ɗan haya sakamako a rubuce cikin 3, a kawar da haɗarin cikin 5. In ba za a iya ba, mai gida ya nema wa iyalin wani wuri da kuɗinsa. Wato an sa wa gyara wa'adi. A Kanada neman mutuwa ne ke da wa'adi, neman gida sai ka shiga layin shekaru.

Malam Sunusi:
Barista, Allah ya ƙara basira. Hukuncin shari'a a nan ba mai rikitarwa ba ne. Rai amana ce, Allah ya ce kada ku kashe kanku, a Suratun Nisa'i aya ta 29, kuma yardar majiyyaci ba ta halatta wa likita abin da aka haramta. Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne haɗa abubuwa uku wuri ɗaya. Ba da abin da zai kashe, haramun. Daina maganin da ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba ya amfani, wannan malamai da yawa sun halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta yarda a cire na'urar numfashi idan ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya. Ba da maganin raɗaɗi da niyyar rage ciwo, halal ne, har ana so.

Sai dai kada mu tsaya a "haramun" mu naɗe tabarma. Ƙa'idar ita ce ba cuta ba cutarwa, kuma cuta kawar da ita ake yi. Maƙwabcin da hayaƙinsa ke hana wani numfashi, malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan hayaƙin gidan wanka da tanderu da warin majema, cewa alƙali na iya hanawa. Wanda ya hana majiyyaci mutuwa ya kuma bar shi cikin abin da ke kashe shi a hankali, rabin hukuncin ya ɗauka.

Dakta Kabiru:
Allah ya gafarta Malam, na ukun nan shi ne namu. A asibitocinmu ba dokar mutuwa ake buƙata ba, mofin na sha ake buƙata, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi. Mai ciwon daji da ciwonsa ya wuce farasitamol da tiramadol, ana fara masa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu, bisa agogo, ba sai ya yi kuka ba. Idan ciwo ya ɓullo tsakani a ƙara masa kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini, washegari a haɗa abin da ya sha a gyara adadin. Kullum a haɗa da maganin sassauta ciki, don taurin bayan gida ba ya wucewa da kansa, shi ne ke sa iyali su daina ba da maganin. Tashin zuciya da gyangyaɗi kan lafa cikin 'yan kwanaki. Mai ciwon ƙoda a rage masa, a tsawaita tazara. Wannan duk aikin likita ne, ba na kemis ba. Yuganda ta nuna ana iyawa: Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu raɗaɗi ta Hospice Africa Uganda a 1993, ana haɗa ruwan mofin daga gari a cikin ƙasar, a 2004 aka ba nas da suka samu horo izinin rubutawa.

Amma kada a ɗauka ciwo ne kaɗai ke kai mutane. A rahotannin shekara-shekara na Oregon, dalilan da ke kan gaba su ne rasa ikon yi wa kai abu da kasa yin abin da ke faranta rai, kusan tara cikin goma. Ciwo yana can ƙasa. Kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta wa ba sa sha.

Auwal:
To ga abin da ke damuna, Malam da Dakta. A ce an soke layi na biyu gobe. Matar nan ba ta samu gida ba, tana nan a ɗakin. An rufe mata ƙofa ɗaya ba a buɗe wata ba. Masu kare dokar abin da suke faɗa ke nan: ba adalci ba ne a riƙe mutum cikin azaba don a matsa wa gwamnati ta gina gidaje. Ina son amsar da ta wuce "ya kamata".

Malam Lawal Duba-Gari:
Auwal ƙanina, an taɓa fuskantar irin wannan tambaya a Zamfara, kuma an ga abin da ya biyo baya.

A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani bai yi ba. Kafin nan agwagi sun ƙare a garuruwan, ba wanda ya haɗa biyun. A Maris likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ankara, aka gwada jini, gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi, dutsen da ake haƙowa yana da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida, mata na dakawa a turmin hatsi, ana niƙawa a injin gari, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara ɗaya. Jimilla an ƙiyasta sama da 400.

Yaro ya fi babba shan wahala don hannunsa kullum a baki, kuma hanjinsa yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ya fi haka ma in yana da ƙarancin jini ko cikinsa ba komai. Ana fara maganin fitar da ita idan jini ya kai maikrogiram 45 a desilita. Ƙaramar na'urar gwajin da ake ɗauka zuwa ƙauye iyakarta 65, yara da yawa sai ta nuna ya wuce kawai, sai an sirka jinin a sake. Ƙasar wasu gidaje ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne.

Maganin fitar da dalmar sunansa DMSA, na sha ne, zagaye ɗaya kwana 19: kwana biyar sau uku a yini, kwana 14 sau biyu. Wanda ya suma ko yake jijjiga sai na jijiya. Bayan zagaye adadin kan sake hawa, don dalmar da ta kwanta a ƙashi tana dawowa jini, sai a maimaita. Ga wurin da ya shafi tambayarka. MSF ta ce ba za ta ba yaro maganin nan ya koma gidan da ba a share ba, don banza ne, kuma yana iya cutarwa. Sharar ita ce: a auna kowane ɗaki da tsakar gida da na'urar XRF ta hannu mai auna dalma a ƙasa, inda ya wuce 1,000 a kankare wajen santimita 5 na saman ƙasa da fartanya a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada nesa da rijiya, a kawo ƙasa mai tsabta da aka gwada a shimfiɗa, inda yake tsakanin 400 da 1,000 a rufe shi kawai. Kamfanin TerraGraphics ya tsara, mutanen gari suka yi aikin da hannunsu. An gama ƙauyuka bakwai zuwa 2011.

Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta. Yara kusan 1,500 suna jira. Kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012 bai fito ba sai farkon 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da matasan Follow the Money masu bin diddigin kuɗin gwamnati. Da likitocin sun yi ta raba ƙwaya a Bagega, kowa zai ce ana kula da su, kuɗin shara kuwa har yau da ba a gani ba. Jiran ya yi wa wasu yaran illa a ƙwaƙwalwa da ba ta gyaruwa, ban ɓoye wannan ba. Amma ƙin karɓar mafita mai arha shi ya sa aka kawo ta gaskiya.

Auwal:
Baba Lawal, misalin ya yi ƙarfi, sai dai da bambanci. A Bagega maganin ba zai yi aiki ba ne ba tare da shara ba, hujja ce ta likitanci. Ba a hana su wani abu mai amfani don a ja hankalin Abuja ba. Kuma gari guda ne, ana iya ɗaukar hotonsa. Mace ɗaya a ɗakinta a Toronto wa zai yi mata gangami?

Barista Nafisa:
Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba gangami nake nema ba, sashe nake nema a cikin dokar. A rubuta cewa idan mai dubawa ya gano gida, ko kuɗi, ko rashin mai jinya na cikin dalilan, kwana 90 ɗin su tsaya, a aika wa hukumar gidaje sanarwa mai wa'adi irin na dokar Awaab, in ta saɓa majiyyaci ya kai ta kotu ta biya masa haya a wani wuri. Masu kare dokar za su ce an tauye wa talaka abin da mai kuɗi ke samu. Ni kuma ina ganin zaɓin da aka yi don babu na biyu ba zaɓi ba ne. A nan Nijeriya maganar ba ta ma taso ba: sashe na 326 na Kiriminal Kod ɗaurin rai da rai ne ga wanda ya taimaki wani ya kashe kansa, na 299 ya ce yardar mamaci ba kariya ba ce, Fenal Kod na Arewa shi ma ya hukunta. Abin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Dakta Okonkwo a 2001 shi ne baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani.

Hajiya Rabi:
Malam Lawal, ni tambayata ta aiki ce. An share Zamfara, to me ya sa aka sake ji a jihar Neja?

Malam Lawal Duba-Gari:
Hajiya, a 2015 ne, ƙaramar hukumar Rafi, yankin Shikira, yara 28 suka mutu. Dalili ɗaya: niƙa a bushe kusa da gida. Ko a ƙauyukan da aka share, dalma tana dawowa ta hanyoyin da ba a zato. Mai haƙa ya dawo da rigar aiki ya ɗauki ɗansa. Buhun dutse ya zama shimfiɗa ko mazubin gero. A haƙi ƙasar kududdufin da aka wanke dutse a yi tubali ko yaɓe da ita, gubar ta koma bango. Hana haƙa kuma bai taimaka ba, don in aka hana sai a koma yi a ɓoye cikin ɗaki, wanda ya fi muni, kuma iyaye su daina kawo yara gwaji don tsoron kamu.

Abin da ke aiki: wurin niƙa ya kasance wajen gari, a niƙa da ruwa don ƙura kada ta tashi, injin dutse daban da na hatsi har abada, a yi wurin wanka da sauya kaya a bakin aiki, takalmi da riga su kwana can. A gida a yayyafa ruwa kafin shara, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannun yaro kafin ci. Mai juna biyu da ta tashi a irin garin a gwada ta, don ciki yana fito da dalmar ƙashi ta ratsa zuwa ga jariri.

Dakta Kabiru:
Ƙari ɗaya a kan gwajin. In za a ɗauki jini daga yatsa, a wanke hannun yaron da sabulu sosai tukuna, auduga da sifirit ba sa cire ƙurar dalma, sai na'ura ta ba ka adadin ƙarya. Duk sakamakon da ya yi sama a tabbatar da shi da jinin jijiya kafin a fara DMSA, sai dai in yaron yana jijjiga, nan ba a jira.